Ka Tsaya Ko da Babur Bai Mutu Ba

Nombakele, Libreville

Zuwa ga mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, kuma daga inda nake zaune ina jin kana jan jakunkuna. Allah Ya tashe ka lafiya ranar tafiyar, Ya kai ka Makoku lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aiki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na abin hawa.

Ummanku ce ta ce in rubuta. Ta ce in dai zama za mu yi ni da kai, ta san yadda za a ƙare: kai kana kallon tabarma, ni ina kallon rufi, a taɓa maganar tsadar fetur a tashi. Ta yi gaskiya. Kai ne na fari, sunan mahaifina gare ka, sunan ma ban taɓa kiransa da bakina ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. Takarda ba ta jin kunya, shi ya sa na ɗora mata.

Maganar babur ce. Kamfanin da ya ɗauke ka aikin kafa faifan sola a asibitocin ƙauye ya ce fetur nasu, abin hawa naka. Babura biyu ne a gidan nan: Bunsuru, wanda ya girme ka, da farin da na saya 'yan shekarun nan. Ka gaya wa Ummanku Bunsuru kake so. Na kuma ga ka wanke shi, ka shafa wa sarƙar mai, ka sayo sabon fulogi ba ka tambaye ni ba. To ba zan ba ka shi ba, farin za ka ɗauka. Na san za ka ce tun kana rarrafe kake jin ina yabon na da ina kushe na zamani. Haka ne, kuma bayanin wannan ne ya sa takardar ta yi tsawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na kwana a ɗakunan nan biyu.

Na sayi Bunsuru a hannun wani Bature da ya gama aiki a kamfanin katako zai koma ƙasarsu. A lokacin tebur kawai gare ni a kasuwar Mont-Bouët, ina sayar da batir da tocila da rediyo da silifa. Na ji labarin ma'aikatan katako a cikin daji suna karɓar albashi ba su da inda za su kashe shi, na ce to ni zan kai musu kasuwa har ƙofa. Shawarar ba ta da laifi, ita ta gina shagon nan. A wurin zaɓe na yi wauta. Akwai wani ƙaramin babur a gefe daidai tsawona, na bar shi na ɗauki dogon, don in shigo unguwa a juyo a kalle ni. An kuwa kalle ni. Ranar farko na tsaya a bakin kasuwa, na miƙa ƙafa ban sami ƙasa ba, na tafi a hankali kamar an sare ayaba, babur a kaina, masu taksi suna tafi. Sai da mutum uku suka ɗaga shi.

Saboda haka kafin ka bar Libreville, ka kwantar da farin a tsakar gida da kayanka duka a kai, ka ɗaga shi kai kaɗai. Ya fi Bunsuru nauyi nesa ba kusa ba. Ka juya masa baya, hannu ɗaya riƙe da kan babur, ɗaya a ƙarfen baya, ka tura da cinya, ba da ƙugu ba. In ka kasa, ka rage kaya har sai ka iya, ko da garin tuwon da Ummanku ta ƙulla maka ne zai zauna. Ka yi wannan ƙannenka suna makaranta, don za su yi maka dariya.

Sunan Bunsuru daga hon ɗinsa ya samo shi, abin da ku 'yan nan kuke ce wa kilakson. Ba nasa ba ne na asali. Na wata tsohuwar motar katako ne, na tsinta a garaji, ya ɗan tsage a baki, in ka danna sai ya yi wani kuka mai karkarwa kamar bunsuru ya hango akuya. Ga salansa a huje, ga warin mai. Matan unguwa suka raɗa masa sunan, ya bi shi. Na sha niyyar canza hon ɗin don kunya, lalaci ya hana ni.

Abin da nake faɗa a majalisa game da sauƙinsa gaskiya ne, ban janye ba. Silinda ɗaya, kabureta ɗaya, iska ke sanyaya shi, babu ruwa balle ya tafasa. Duk abin da ke jikinsa ido yana ganinsa, kuma 'yan sifanoni da filaya da sukudireba sun isa su kwance shi. In ka wuce Njole ka shiga inda ake sayen fetur a kwalba, za a ba ka fetur da ruwa da tsatsa a ciki, mai sayarwar ma bai san da su ba. Bunsuru zai sha, ya yi tari, ya tsaya. Sai in kwance ƙasan kabureta, in zubar da ruwan, in hure ramin da bakina, in mayar, mu ci gaba. Ɗanɗanon fetur ya daɗe a harshena. Akwai ranar da haɗama ta sa na ƙara masa katan-katan na sabulu a kan kayan da ya saba ɗauka, ƙarfen baya ya tsage a kan gargada. Mai walda a sansanin katako ya liƙe shi da wutar da yake liƙe tirela. Tabon yana nan ƙarƙashin kujera, ka gan shi da kana wanki.

Da na sayi farin sai na kwashi wannan halin na kai masa. Na tsaya a wani ƙauye na sayi fetur na kwalba, na juye kai tsaye yadda na saba. Shi kuwa ba kabureta gare shi ba, famfo ne a cikin tanki yake tura mai ta wasu ramuka da suka fi kafar allura ƙanƙanta. Ban yi nisa ba wata fitila ta kama a allon gaba, ƙarfinsa ya ragu, ya lallaɓa da ni har bakin kwalta ya mutu. Na fito da sifana na zagaya shi, ban ga inda zan sa ta ba. A bayan motar ayaba muka dawo Libreville ni da shi. Na kai wa Emeka, makaniken nan na Derrière la Prison da yake riƙe mini Bunsuru tun ba a haife ka ba. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya ce, "Alhaji, wannan ba babur ba ne, ofis ne mai taya biyu. Kai shi inda ka saya su jona masa kwamfuta." Na kai, suka canza matatar mai, suka ce laifina ne. Nawa ne kuwa.

Na sa maka mazurari mai raga a akwatin hagu. Kada ɗigon fetur na kwalba ya shiga tankin nan sai ta cikinsa, ko mai sayarwa ya yi maka rantsuwa ta duniya. Ka kuma kula da batir. Farin ba shi da abin bugawa da ƙafa, in batir ya mutu famfo ya mutu, turi ba zai tashe shi ba. Wannan kam ba ni zan koya maka ba, waya da batir su ne abincinka. Abin da yake ba ni tsoro a jikin babur ɗin nan kai shi ka karanta a makaranta. Kabureta kuwa ba ka taɓa kwance ta da hannunka ba, tsayawa kawai ka yi kana kallo ina yi, kuma kallo da yi ba ɗaya ba ne in ruwa yana dukanka a tsakiyar daji.

Yanzu ga abin da ba na faɗa a majalisa. Birkin Bunsuru shawara kawai yake ba taya, in ta ga dama ta bi. Wata rana ana yayyafi, ina gangarowa kusa da Kango, wata mata ta fito daga gona da kwando goye a baya yadda matan nan suke yi, za ta tsallaka titi. Na taka birki, tayar baya ta kulle, babur ya juya gefe ya tafi da ni a kan kwalta. Akwatin kayana ya doki kwandon, rogo ya watse, ita ta zauna daɓas a tsakiyar titi tana kallona. Ba ta ji ciwo ba. Tsakanin ƙarfe da ƙafarta bai kai tafin hannu ba. Da na dawo sai na ba da labarin a matsayin gwaninta, wai da gangan na kwantar da babur don in cece ta. Kana wurin a lokacin, na ga yadda idonka yake ƙyalli. Ban kwantar da komai ba, shi ya kwantar da ni, Allah ne Ya yi matar nan da sauran kwana.

Irin wannan ya sake samuna da farin a Plaine Orety, kwalta a jiƙe, mai taksi ya ga fasinja ya tsaya a gabana ba sigina ba komai, yadda suka saba. Na damƙe birki da duk ƙarfina. Na ji yana bugun hannuna tik-tik-tik, yana kamawa yana saki da kansa, babur ya tsaya a miƙe, ban ko sauke ƙafa da gaggawa ba. Da Bunsuru ne da na shiga but ɗin taksin nan. Don haka a kan kwalta ka yarda da birkin, kada ka ce ka fi shi wayo. Amma in ka sauka jar ƙasa, musamman gangara mai tsakuwa, ka tsaya ka kashe wannan dabarar a tayar baya, maɓallin yana hannun hagu. Na taɓa mantawa, ina takawa yana saki, ina takawa yana saki, sai da na ƙare a cikin ciyawa. Kuma duk lokacin da ka kashe inji ka kunna, yana komawa yadda yake, sai ka sake gaya masa. Ba ya riƙe magana.

Sauran kuma ƙanana ne, amma su ne suke cin mutum. Fitilar Bunsuru da aci-balbal duk ɗaya. In ya yi zafi ya mutu, sai ka yi ta bugu har gumi ya jiƙa ka, wani lokaci ya mayar maka da bugun a idon sawu. Jijjigarsa kuwa, in na dawo daga tafiya hannuna ba ya iya riƙe cokali, Ummanku ce take gasa mini da ruwan zafi, tambaye ta. Kayan gyaransa sun ƙare a kasuwa, Emeka yanzu tsince-tsince yake yi a jikin matattun babura. Duk wannan na san shi lokacin da nake zaune a ƙofar shago ina cewa ba a ƙara yin inji irin na da ba. Na lura yawancinmu masu wannan maganar gwiwarmu ta da muke yabo, ba injin ba. Ni na sa maka son Bunsuru da daɗin bakina, kuma ba na so daɗin bakina ya bi ka hanya.

Amma akwai abu ɗaya da Bunsuru ya yi mini wanda farin bai yi ba, ban kuwa gane shi ba sai da na kwanta a ƙasa. Shi ne dalilin takardar nan. Sauran duk Emeka ma zai iya gaya maka.

Bunsuru ba ya tafiya mai nisa bai nemi wani abu ba. Ya yi zafi, a tsaya ya huce. Sarƙa ta saki, a tsaya a ɗaure. Taya ta yi faci, fulogi ya yi baƙi, bayana ya gaji. Saboda haka kusan babu ƙauyen da ke tsakanin Lalara da Makoku da ban zauna a cikinsa ba. Ba son zumunci ya zaunar da ni ba, dole ce. In shiga rumfar da maza suke zama a bakin gari, a ba ni ruwa, a taya ni riƙe babur ina gyara, in bar musu batir biyu ko sabulu in wuce. Faransancina na kasuwa ne, nasu na gona, muka fahimci juna a haka. A wurinsu duk mai salla Bahaushe ne, ni kuwa don a bambanta ni sai suka ce Bahaushe mai akuya, saboda hon ɗin.

Akwai wani ƙauye a kan hanyar da ta ratse daga babban titi ta nufi wani sansanin katako. In ka wuce gidajen sai gangara, sai rafi da gadar gungume, sai hawa mai tsawo. A ƙarshen gidajen akwai rumfar wata tsohuwa, Mama Obone, tana sayar da busasshen kifi da dafaffen rogon nan da suke naɗewa a ganye. A wurinta nake cin abinci, don kifi da rogo ba su da shakka. Daga rumfarta ana jin saukar Bunsuru, ana jin ƙarar gungume in ya hau gada, ana jin ya canza giya ya kama hawa. In na kai saman tudun nakan danna hon, wasa ne kawai, ba da wata manufa ba. Wata shekara sarƙa ta tsinke mini a bayan gadar, ta nannaɗe a taya, na faɗi, salansa ta ƙone ni a ƙwauri. Ban gama tunanin abin yi ba sai ga maza biyu sun gangaro da adda da igiya. Na ce wa ya gaya muku? Suka ce, "Mama ce ta ce akuyar Bahaushe ta sauka ba ta hau ba." Na yi godiya, na ɗauki abin a matsayin sa'a, ban sake tuna shi ba.

Sai farin ya zo. Tanki babba, kujera mai laushi, gilashi yana tare iska, ba ya zafi, ba ya neman komai. Tafiyar da nake yi zango-zango na koma yin ta a zama ɗaya. Ina wuce ƙauyukan nan da hular kwano a rufe, da riga mai sulke, inji yana raɗa kamar keken ɗinki. Wani lokaci nakan ɗaga hannu. Su kuwa abin da suke gani wani mai farin babur ne, irin na masu yawon buɗe ido ko ma'aikatan gandun daji. Na ji daɗin saurin, ba zan ɓoye maka ba, ciniki ma ya ƙaru. Kullum sai in ce a dawowa zan tsaya, a dawowa kuma in ce ina sauri in kai gida. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, ban tsaya ba.

Kun san na karye, kun san a gada ne. Wannan gadar ce. An yi ruwa, gungumen ya yi santsi, tayar gaba ta zame a ƙarshen gadar, babur ya kwanta a kan ƙafata ta dama ya danne ta da bakin gungume. Inji ya kashe kansa, haka aka ƙera shi, in ya faɗi ya mutu. Sansanin ya rage aiki a lokacin, motoci ba sa bin hanyar kullum. Na ciro waya, babu sabis. Allon gaba yana kunne yana nuna mini daidai inda nake a taswira, har da sunan rafin, ni kaɗai nake gani. Hannuna ya kai hon, na yi ta dannawa, wata siririyar murya irin ta taksin Libreville. Tun hantsi nake nan har rana ta karkata. Kwarkwasa suka fara bin hannun rigata. Azahar da la'asar da ishara na yi su. Wani mai zagayen tarko ne ya same ni, kuma ba nemana ya fito ba.

A kan ƙyaure aka ɗauke ni zuwa cikin gari. Mama Obone ta zo ta tsaya a kaina, ta daɗe tana kallon fuskata.

Ta ce, "Kai ne? Mun ɗauka ka mutu, ko ka koma ƙasarku."

Na ce mata na yi ta danna hon.

Ta ce, "Mun ji. Na ce wa ɗana wani abu yana kuka a rafi. Ya ce masu farin babur ne, su ba sa tafiya su kaɗai, suna da waya, suna da mutanensu." Sannan ta ce, "Sau nawa ka wuce ta ƙofata?"

Ba ta sake tambaya ba, ta aika a nemo mota, ta sa aka kawo ruwa aka wanke mini laka a fuska.

Likitan da ya sa mini ƙarfe ya ce karayar ba wani abu ba ce, daɗewar da ƙafar ta yi a danne ce ta ɓata ta. Da an ɗaga babur ɗin da wuri da ta koma daidai. Daga rumfar Mama Obone zuwa gadar nan tafiya ce da tsohuwa take yi ta ɗebo ruwa ta dawo tukunya ba ta tafasa ba. Ka ga dai yadda nake taka ta yanzu. Ba ta iya buga Bunsuru, ba ta iya tare farin in ya karkata. Ban taɓa faɗa a gida ba, amma kun gani, na gama hawa. Abin ya yi mini ciwo sosai, har yanzu yana yi, musamman in na ji ƙarar babban babur ya wuce ta ƙofar shago.

Ba na ɗora wa farin laifi. An ƙera shi don kada ya tsayar da mutum, ya kuwa cika aikinsa. Ni ne na ɗauka a da ƙwarewata ce take kai ni ta dawo da ni, ashe rabin abin lalacewar Bunsuru ce, wadda nake tsine wa a kowane zango.

To ga abin da nake so da kai. Ka ɗauki farin saboda birkinsa da fitilarsa da lafiyar bayanka, amma ka tuƙa shi kamar Bunsuru ne. Duk ƙauyen da hanyarka za ta riƙa bi, ka tsaya ko babur bai nemi komai ba. Ka kashe inji, ka cire hular kwano tun kafin ka yi sallama, don ba a gaisawa da gilashi. Ka zauna ko kaɗan ne. Ka sayi abin da ba ka buƙata, ayaba ko gyaɗa, kada kuma ka yi cinikin 'yan Mont-Bouët a kai. In an miƙo maka naman daji ko bammi ka yi godiya ka ce addininka ya hana, sun san wannan tun kafin ni, ba sa jin haushi, abin da suke jin haushi shi ne a yatsine fuska. Ka gaya musu inda za ka da ranar da kake sa ran dawowa, kuma in ka dawo ka tsaya su gan ka, in ba haka ba gobe ba za su ƙirga da kai ba. Kamfani zai matsa maka a kan lokaci, masu zama a ofis ba su san laka ba. Ka bar su su yi faɗa. An ce zumunci a ƙafa yake, ni kuma na gano taya ba ta shiga lissafin sai ƙafar ta taɓa ƙasa.

Kada ka bi gadar gungume a kan babur in an yi ruwa. Sauka ka taka ta da ƙafa tukuna, in ka ga santsi ka koma gari ka nemi mutum biyu ku tura shi. Za su zo in sun san ka.

Da na gaya wa Ummanku na yanke shawara, ta ce, "Ni ban san kabureta ba, ban san famfo ba. Ka ba shi wanda zai dawo mini da shi." Na ce mata babu babur mai dawo da mutum, Allah ne, sai kuma mutanen da suka san ƙararsa. Ta ce to in san yadda zan yi.

Jiya da ka tafi karɓo takardunka, na kira Emeka ya zo gida. Ya cire hon ɗin Bunsuru ya ɗaura a farin. Ya yi ta mita, ya ce an sa wa ango takalmin roba, ya ce zai ja wuta da yawa, ya dai yi masa waya da fis nasa daban. Ka duba aikin da kyau kafin ka tashi, ka fi shi sanin waya. Na san za ka ji kunya in ka danna shi a cikin gari. Ka ji, ba ta kisa. Bunsuru kuma yana zaure na rufe shi da tamfol, ba shi da murya yanzu. Ba na sayarwa ba ne, in ka zo hutu ka tayar mini da shi in ji.

A akwatin dama akwai turmin atamfa, na Mama Obone ne. Ban sani ba ko tana raye, tun da aka ɗauke ni a ƙyauren nan ban koma ba. In ba ta nan ka ba ɗanta, kada ka yi masa maganar abin da ya wuce, bai yi laifi ba. Na zana maka mararrabar a bayan takardar nan. In ka doshi garin ka danna hon tun daga nesa. Za su fito suna zaton ni ne. Ka tsaya, ka cire hula, ka ce kai ɗan Bahaushe mai akuya ne, kuma za ka riƙa bin hanyar. In Mama Obone tana raye, ka ce mata na ce amsar tambayarta sau da yawa ne, kuma ban kyauta ba.

Sannan in ka haye gada ka kai saman tudun, ka sake dannawa, don su san ka hau.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka haƙuri da mutane, Ya ba mutane haƙuri da kai. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka kira Ummanku duk inda ka sami sabis. Allah Ya sa duk gangarar da ka sauka a ji hawanka. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka